Babi na Biyar: Akwatin da Ba a Zuba wa Sauti

Me zai sa mutum da hankalinsa ya zuba dubban daloli ya sayi tsohon akwatin kiɗa na shekarun 1970, alhali wayar da ke aljihunsa tana fitar da sautin ganga da sarewa da jita a kyauta? Tambayar takan ƙara nauyi idan aka ji halin akwatin. Ba ya fitar da murya biyu a lokaci guda. Ba ya tuna sautin da aka haɗa masa jiya. In ɗaki ya ɗauki zafi, sai muryarsa ta kauce daga inda aka saita ta. Duk da haka makaɗa a Landan da Balin da Tokyo suna rububinsa, kamfanoni kuma sun koma ƙera sababbi irinsa.

Sunan akwatin sintesaiza na analog. Kafin mu ce masu sayensa sun yi wauta ko sun yi dabara, sai mun buɗe shi mun ga abin da ke ciki.

Lasifika ba ta tambaya

A babin da ya gabata mun ga cewa sauti girgizar iska ce. Yawan kaɗawar a daƙiƙa ɗaya shi ke sa murya ta yi kauri ko ta yi siriri. Kunnen yaro mai lafiya yana kama daga kaɗawa 20 zuwa wajen 20,000 a daƙiƙa, kuma iyakar saman tana raguwa yayin da shekaru ke ja. Sautin da makaɗan Turai ke saita kayansu da shi yana kaɗawa sau 440. In aka ninka ya zama 880, kunne zai ji wannan sautin ne dai, amma a sama. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce oktif. A riƙe ta, za mu dawo kanta.

Ita kuwa lasifika ba ruwanta da inda lantarki ya fito. Ka ba ta lantarkin da ke hawa da sauka sau 440 a daƙiƙa, takardar cikinta za ta shiga ta fita sau 440, iska ta kaɗa, ka ji sauti. Ko makirfo ne ya haifar da lantarkin, ko wata na'ura ce ta ƙago shi ba tare da kowa ya buɗe baki ba, duk ɗaya ne a wurinta.

Nan ne hanya ta rabu biyu. Fiyanon Yamaha da aka saba gani a situdiyoyin waƙa na Kano da Kaduna yana ɗauke da sautukan da aka naɗa tun a masana'anta, aka mayar da su lambobi, aka zuba masa a ƙwaƙwalwa. Ka danna maɓalli, ya karanto maka abin da aka ajiye. Sintesaiza na analog kuwa babu komai a cikinsa sai taransisto da ƙananan kayan lantarki irin na tsohuwar rediyo. Ba a ajiye sarewa ko ganga a ko'ina ba. Sautin da kake ji, a daidai wannan daƙiƙar lantarki ke ƙera shi, kuma da ka kashe wuta ya tafi.

Bolt ɗaya, oktif ɗaya

Na'urorin ƙera sauti sun girmi akwatunan Robert Moog, mutumin da sintesaiza ya yi suna a hannunsa. Wadda kamfanin RCA ya haɗa a 1957, aka girke a Jami'ar Kolombiya da ke New York, ta cika ɗaki guda, kuma da takarda mai huji-huji ake ba ta umarni. Mai kiɗa zai huda takarda tukuna, ya ji sakamako daga baya. Wannan aikin lissafi ne, ba wasa ba.

Moog, wanda aka haifa a New York a 1934, tun yana saurayi yake ƙera teremin yana sayarwa, wato kayan kiɗan nan da ɗan Rasha Leon Theremin ya ƙirƙira wajen 1920, wanda ake kaɗawa ta hanyar kusanto da hannu ga eriya ba tare da an taɓa komai ba. A 1964, a ƙaramin shagonsa da ke garin Trumansburg, shi da wani masanin kiɗa mai suna Herbert Deutsch suka haɗa wasu ƙananan akwatuna, kowane da aikinsa, ana jona su da wayoyi. A ƙarshen shekarar ya kai su taron injiniyoyin sauti a New York, kuma tun a wurin aka fara ba shi oda.

Dabarar da ke ciki mai sauƙin faɗa ce: a bar lantarki ya sarrafa lantarki. Duk abin da hannu zai iya murɗawa, a buɗe masa ƙofar da ƙarfin lantarki zai shiga ya murɗa shi. Moog ya kafa ƙa'ida: ƙarin bolt ɗaya yana ɗaga murya oktif ɗaya. Tunda fiyano ya raba oktif gida goma sha biyu, kowane maɓalli yana ƙara kashi ɗaya cikin goma sha biyu na bolt. Ke nan jerin maɓallan ba su fitar da sauti ko kaɗan, awon lantarki kawai suke aikawa. Kuma duk wani abu da zai iya aika awon lantarki zai iya zama makaɗi: maɓalli, feda, ɗan yatsa a kan zare, ko wani akwatin daban.

A daidai lokacin, can Kalifoniya, Don Buchla yana kan irin wannan aiki, sai dai shi ya ƙi sa maɓallan fiyano. A ganinsa, duk wanda aka ba fiyano tsohon kiɗa zai kaɗa. Faranti-faranti na taɓawa ya sa. Kasuwa ta bi Moog, amma har gobe masu harkar suna gardama a kan wa ya fi gaskiya, kuma ni dai ban ga Buchla ya yi kuskure ba.

Ana farawa da yawa, a rage

Sashen farko shi ne osileta, mai samar da ɗanyen sauti. Aikinta ta yi ta hawa da sauka ba tsayawa. Siffar hawa da saukar ita ke ba sautin ɗanɗano. Akwai mai santsi, wadda ke fita kamar fito. Akwai mai kusurwa huɗu, wadda ke fita da rami a ciki. Akwai mai haƙoran zarto, mai kaushi da ƙara. Ban da su akwai shuuu ɗin nan da rediyo ke yi tsakanin tasha da tasha, wanda da shi ake ƙera iska da ruwan sama da ƙarar kuge.

Me ya bambanta su, tunda duk suna iya kaɗawa sau 110 a daƙiƙa? Kusan kowane sauti na duniya yana tafe da 'ya'ya. In uwar tana kaɗawa sau 110, a kanta akwai ɗa mai 220, da mai 330, da mai 440, har sama, galibi kowane ya fi na ƙasansa rauni. Kunne ba ya jin su ɗaya-ɗaya, yana haɗa su ya ce wannan algaita ce, wannan kuma sarewa. Siffa mai santsi ba ta da ɗa ko ɗaya. Mai kusurwa huɗu tana da mai 330 da mai 550 da mai 770, tana tsallake na tsakani. Mai haƙoran zarto tana da su duka, shi ya sa aka fi farawa da ita.

Sashe na biyu shi ne filta, kuma nan ran akwatin yake. Aikinta ta tare 'ya'yan sama ta bar na ƙasa su wuce, kuma akwai mamurɗi da ke nuna inda za a yanke. Kana iya gwada wannan yanzu ba tare da ka sayi komai ba. Ja dogon "uuu" da murya ɗaya, sannan a hankali ka buɗe baki ya koma "aaa", ba tare da ka ɗaga murya ko ka sauke ta ba. Maƙogwaronka bai canja komai ba. Bakinka ne ya saki 'ya'yan da ya tare. Abin da filta ke yi ke nan, kuma shi ya sa in ana murɗa ta a hankali sai a ji kamar akwatin zai yi magana. Kusa da mamurɗin yanka akwai wani na biyu, wanda ke ƙara wa 'ya'yan da ke daidai bakin yankan ƙarfi. Ka ƙara shi kaɗan, sautin ya yi hanci. Ka kai shi ƙarshe, filtar ta fara fito da kanta ko da ba a ba ta komai ba. Filtar Moog, wadda aka jera taransistocinta hawa-hawa har ake ce mata tsani, ita ce ya yi wa rajistar mallaka, kuma har yau ita ake kwaikwayo.

Sashe na uku amfilifaya ce, ƙofar da ke buɗewa sauti ya fita. Na huɗu kuma shi ke gaya wa ƙofar yadda za ta buɗe, ana ce masa ADSR. Tambayoyi huɗu yake amsawa: in an danna maɓalli, da wane sauri sautin zai kai ƙarfinsa; da wane sauri zai sauko; a ina zai tsaya muddin yatsa na kan maɓallin; in an saki, yaya zai daɗe kafin ya ɓace. Mutane sukan raina wannan sashe, alhali da shi kunne ya fi gane kayan kiɗa. Sautin da ya fashe nan take ya mutu, kunne zai ce an buga wani abu. Wanda ya taso a hankali ya zauna, kunne zai ce an busa ko an goga.

Mu haɗa sauti ɗaya

A ce ga Minimoog a gabanmu, akwatin da kamfanin Moog ya fitar a 1970: maɓallai 44, osileta uku, gefen katako, babu wayoyin jonawa domin an riga an jona komai ta ciki. Muna son kakkaurar muryar ƙasa, irin wadda ake ji a ƙirji.

Kunna osileta ta ɗaya, ka zaɓi haƙoran zarto, ka sauke ta ƙasa. Danna maɓalli. Abin da zai fito ba shi da daɗi, zizar ce kawai mai tsaye, ba rai. Kunna ta biyu a kan murya ɗaya da ta farko, sannan ka kautar da ita ɗan ƙiris. In ɗaya tana kaɗawa sau 110, ɗayar 111, za su riƙa haɗuwa suna rabuwa sau ɗaya a kowace daƙiƙa, sai ka ji sautin yana kumbura yana sacewa. Tuni ya fara numfashi. Yanzu rufe filta har kaushin ya tafi, ya rage gurnani. Filtar ma tana da irin nata ADSR, sai ka ce masa: da an danna, buɗe da sauri, ka rufe cikin rabin daƙiƙa. Danna kuma. "Baw." Kowane bugu yana fitowa da haske a gaba, ya koma duhu a baya. Ƙara mamurɗin hanci kaɗan, "baw" ya koma "byaw". Mamurɗai biyar ko shida ka taɓa, kuma babu wanda ya naɗa maka wannan sauti, kai ka yi shi.

Wani abin dariya: kaurin da ake yabon Minimoog da shi, wani ɓangarensa kuskuren lissafi ne. Osiletocin suna tura wa filtar lantarki fiye da yadda aka nufa, sai ta ɗan shaƙe. Da aka gano, an riga an ji daɗin sautin, sai aka bar shi haka.

Saura matsala ɗaya. Akwatin ba shi da ƙwaƙwalwa. In kana son wannan sauti gobe, sai ka zana inda kowane mamurɗi ya tsaya a takarda, kuma ko ka mayar da su daidai, ba lallai ya fito sak ba.

Aikin hannun hagu

Tunda murya ɗaya akwatin ke fitarwa, hannun dama kaɗai ya isa maɓallai. Hannun hagu ya samu 'yanci, kuma a gefen hagu aka ajiye masa ƙananan tayoyi biyu. Ta farko tana lanƙwasa murya sama ko ƙasa. Ta biyu tana shigo da wata osileta mai nawa, wadda ke kaɗawa sau biyar ko shida kawai a daƙiƙa. Kunne ba ya jin ta a matsayin sauti, amma in aka jona ta da murya sai muryar ta riƙa rawa. Akwai kuma mamurɗin sulɓi, wanda ke sa murya ta zame daga wannan maɓalli zuwa wancan maimakon ta yi tsalle.

Duk wanda ya taɓa zura wa mai kalangu ido ya san wannan rabon aiki. Hannu ɗaya yana bugu, ɗayan yana matse tsarkiya yana saki, kuma a matsewar nan ne kalangu ke hawa da sauka har ya kira sunan mutum. Fiyano na gargajiya ba shi da wannan. Da ka buga, magana ta ƙare, kuma tsakanin maɓalli da maɓalli babu komai. Sintesaiza na analog ya mayar wa mai maɓallai abin da ke tsakanin, domin ƙarfin lantarki ba ya tafiya da tsalle, duk inda ka tsayar da shi zai tsaya. Shi ya sa masu jaz irin su Sun Ra da Chick Corea suka karɓe shi hannu bibbiyu, Bernie Worrell kuma ya kori jitar ƙasa daga waƙar "Flash Light" ta ƙungiyar Parliament a 1977, ya maye gurbinta da Minimoog.

Abin da aka sha a situdiyo

Faifan da ya fara kai sunan Moog gida-gida shi ne Switched-On Bach na Wendy Carlos, a 1968. Kiɗan Bach muryoyi ne da yawa da ke tafiya tare, akwatin kuwa ɗaya yake iyawa. Dole ta naɗi kowace murya ita kaɗai a kan tef, ta dawo ta ɗora wata a kai, tana tsayawa tana gyara saiti. Faifan ya ci kyautar Grammy uku, ya sayu fiye da kwafi miliyan ɗaya. Shekara guda bayan haka Moog ya bayyana a faifan Abbey Road na Beatles, sannan Stevie Wonder ya yi jerin faya-fayansa na farkon shekarun 1970 da wani katafaren haɗi mai suna TONTO.

Kaucewar murya kuwa daga zafi take. Taransisto yana canja hali in ya ɗumama, kuma tunda kashi ɗaya cikin goma sha biyu na bolt ya isa ya canja maɓalli guda, ɗan motsi kaɗan kunne zai kama. Masu irin wannan kaya sukan kunna shi su bar shi ya ɗumama kafin a fara. A birnin Munich na Jamus, lokacin da Giorgio Moroder ke haɗa wa Donna Summer waƙar "I Feel Love" da ta fito a 1977, babban Moog ɗin da suka yi aiki da shi yana kaucewa da sauri har sai da suka riƙa naɗa a gutsure, daƙiƙa ashirin ko talatin, a tsaya a saita, a ci gaba. Bugun da ke gudu a ƙarƙashin waƙar ba yatsa ke yin sa ba. Sikwensa ce, wani akwati da ke aika jerin awon lantarki yana maimaitawa. Daga wannan waƙa mafi yawan kiɗan rawa na lantarki ya samo hanya.

Inugu da Yamai

Kada a ɗauka abin ya tsaya a Turai da Amurka. A Inugu, William Onyeabor ya gina situdiyonsa da wurin buga faifai, ya fitar da faya-fayai tsakanin 1977 da 1985 cike da sautin sintesaiza, ciki har da Atomic Bomb. Daga baya ya bar kiɗa ya rungumi addini, ya ƙi yin magana a kan abin da ya wuce. Sai a 2013, da wani kamfanin New York mai suna Luaka Bop ya tattara waƙoƙinsa, duniya ta waiwayo shi. Ya rasu a 2017. A Yamai kuma, Mamman Sani ya naɗi kaset a 1978 da wata ogan ta lantarki ƙirar Orla ta Italiya. Ogan ba ta ba da damar ƙera sauti kamar Moog, amma dangi ne, kuma 'yan Nijar da yawa sun tashi suna jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin ba tare da sun san mai shi ba.

Yadda aka yar, aka dawo aka ɗauka

Babban gyaran matsalar murya ɗaya da rashin ƙwaƙwalwa ya zo a 1978, da Prophet-5 na Dave Smith: murya biyar a lokaci guda, da ƙwaƙwalwar da ke riƙe saiti 40. Sai 1983 Yamaha ta fito da DX7, na dijital zalla, mai araha, wanda ba ya kaucewa. Amma mamurɗai sun ɓace, sai ɗan ƙaramin allo da maɓallan shiga jerin umarni. Haɗa sabon sauti a kansa ya zama aikin ƙwararru, akasarin masu shi suka tsaya ga abin da masana'anta ta zuba. Tsofaffin akwatuna suka koma shagunan gwanjo.

A can ne samarin da ba su da kuɗi suka tsince su. Kamfanin Roland ya ƙera TB-303 a 1981 don ya kwaikwayi jitar ƙasa, ya kasa, aka daina yin sa a 1984. Wasu samari a Chicago, ƙungiyar Phuture, suka sayi na hannu da arha, suka saki sikwensarsa tana maimaita abu ɗaya, suka kama mamurɗan filta suna juyawa. Waƙar da ta fito a 1987, "Acid Tracks", kusan minti goma sha biyu ce, kuma abin da ke canjawa a cikinta galibi filta ce. A 1995 Bajamushe Dieter Doepfer ya dawo da ƙananan akwatunan jonawa da waya a wani tsari da ake kira Eurorack, wanda yanzu kamfanoni da yawa ke ƙera wa sassa. Moog da kansa ya sake fitar da sabon Minimoog a 2002, shekara uku kafin rasuwarsa.

To, mai sayen tsohon akwati me yake saya? Wani kason kuɗin na suna ne da marmarin da, wannan ba a musu. Manhajojin yau suna kwaikwayon filtar Moog har ta kai in an cakuɗa cikin waƙa ƙwararru ma sukan kasa bambancewa. Abin da allo bai ba shi ba shi ne kowane aiki da mamurɗinsa a fili, hannu biyu su kama biyu a lokaci guda, sautin ya amsa nan take, ya kuma ɗan yi gardama. Wanda burinsa ya gama waƙa kafin la'asar, wayarsa ta ishe shi. Wanda yake son ya koyi yadda ake gina sauti, zai fi saurin ganewa da mamurɗi a hannu, kuma yanzu akwai ƙananan akwatunan analog na Korg da Behringer da ba su kai farashin babbar waya ba.

Duk abin da muka haɗa a nan murya ce mai ja. Saura bugu. A 1980 Roland ta fitar da TR-808, na'urar ganga wadda ita ma ba a naɗa mata fatar ganga ko ɗaya ba, da irin waɗannan osileta da filta take ƙera kowane bugu. Makaɗan lokacin suka ce ba ta yi kama da ganga ba, aka daina ƙera ta a 1983. A babi na gaba za mu ga yadda ake sa lantarki ya yi ƙarar fata, da yadda gangar da aka raina ta bi ta hip-hop har ta iso lasifikokin Legas da Kano.